Ranar da Na Raka Buba Cigiyar Abin da Na Sace

A da, idan ka bar gidajen Gwammaja ka fita bayan ganuwa, ba ka yin nisa za ka shiga lambuna. Masu jigo suna jan ruwa daga rijiyoyi, albasa da latas da tumatur ko'ina kore shar. Yau idan ka bi wannan hanyar, bulo ne da kwanon rufi har inda idonka ya tsaya. Mai son noman rani sai ya hau babur ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu ƙasar da ba a yanka ta filaye ba. Jigo ya zama labari, injin fetur ya kore shi, yanzu kuma inji mai aiki da hasken rana yana korar na fetur. Duka ukun na gan su da idona. Na ukun ne ya kai ni gidan yari, kuma labarinsa nake so in ba ku, ku matasa, tun ina da sauran numfashi.

Ba zan faɗi sunana ba, saboda jikokina. Kakannina daga Barno suka zo suka zauna a cikin birni, na tashi da Barbarci a cikin gida, Hausa a waje. Fatauci ya kai ni Injamena da Agadas da Kwatano, na zauna a Sudan, na yi shekaru a Jidda. A hanya na tsinci Larabci da Faransanci da Turanci. Duk inda mutum biyu suka kasa fahimtar juna, a kasuwa ko a tasha, ni ake aika wa. Ina alfahari da wannan bakin nawa fiye da yadda ya kamata. A majalisar ƙofar masallaci nakan ba da labarin yadda na ga ruwa yana tafiya a magudanai a gonakin Sudan kamar motoci a kan titi, da yadda na ga raƙumi a Agadas yana jan guga yini guda don a shayar da ɗan filin da bai fi tsakar gida ba. Mutane suna saurare, ni kuwa ko fartanya ban taɓa riƙewa ba.

Da girma ya zo, fataucin ya karye, na dawo gida na zauna. Suna yana nan, babbar riga tana nan, aljihu babu komai. Wannan halin yana da haɗari, domin mutum yana jin kunyar a gane.

Cikin masu saurarona akwai Malam Buba. Bafulatani ne, iyayensa sun bar kiwo sun zauna a gari tun yana ƙarami, shi kuma ya kama noman rani. A sahu ɗaya muke salla. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, to ni da Buba mun riƙe shi da hannu biyu. Bai taɓa kirana Alhaji ba. Da ya hango ni zai ce, "Bawana, an tashi lafiya? Yau wa ka cuta?"

Ni kuma in ce, "Ɗan daji, ina shanun? Ko tuwon birni ya sa ka manta hanyar ruga?"

"Shanun ai ku kuka sace, ɓarayin Barno."

Sai majalisa ta ɗauki dariya. Shekara da shekaru haka muke gaisawa.

Lambun Buba ba nasa ba ne. Aro aka ba shi, can bayan gari a bakin wani rafi. Mai filin ya rasu, magada suna so a yanka a sayar wa masu gini, babbansu ne kaɗai yake hana su. Ya gaya wa Buba a fili cewa muddin wurin yana kore yana da abin da zai faɗa wa ƙannensa, amma ranar da suka zo suka tarar da ƙasa a bushe, bakinsa ya mutu. Ga fetur ya yi tsada, tsohon injin Buba kuma ya gaji, rabin rani a wurin mai gyara yake yi.

Ana cikin haka aka shigo da wani tallafin gwamnati na manoma. Tsarin mai kyau ne, har yau ban ga aibinsa ba. Manoma su haɗa ƙungiya, kowa ya biya ɗan kasonsa, gwamnati ta cika sauran, a ba shi injin ban ruwa da farantan sola. Ba fetur, ba hayaƙi. Rana ta fito, ruwa ya taso. Manoman bakin rafin suka kafa ƙungiya, suka rasa wanda zai riƙa shiga ofis a madadinsu, domin takardun da Turanci suke. Buba ne ya kawo sunana. Ya ce musu, "Ga bawana nan zaune ba ya aikin komai sai surutu. Ku ba shi, yana jin yaren kowa."

Ban shiga da niyyar sata ba. Wannan nake so ku riƙe. Farkon abin da na ɗauka buhun iri ne guda ɗaya cikin waɗanda aka raba, na ce ladan zirga-zirgata ne. Ba wanda ya tambaya. Da aka zo rabon taki, na shigar da sunan ƙanina da na surukina, waɗanda ba su san hanyar rafin ba. Nan ma shiru. Duk abin da na ɗauka sai na samo masa suna mai daɗi, kuɗin mota, goron wahala, haƙƙin wakili. Na yi yawo a ƙasashe da yawa, kowace ƙasa tana da sunan da take kiran irin wannan abin, kuma babu inda na ji an kira shi sata.

A ofishin da ke kula da shirin akwai wani ma'aikaci, zan kira shi Oga. Shi ya lura da sunayen da na ƙara. Na ɗauka zai tona ni, sai ya kira ni gefe ya ba ni kujera.

Ya ce, "Alhaji, ka san abin da na sama suke dubawa?"

Na ce, "Gona, ina ji."

"Hoto. Manomi a tsaye, inji a gefensa, ruwa yana zuba. Shi ke nan fayil ya cika. Su injinan nan kuwa duk kamarsu ɗaya."

Na gane nufinsa tun bai ƙarasa ba. Injinan ƙungiyarmu za su fito, mu ajiye guda ɗaya na ɗaukar hoto, sauran in nemo musu mai saye daga ƙetaren iyaka, tunda ni na san mutanen can kuma ina jin bakinsu. Na ce masa zan yi tunani. Gaskiya ban yi wani tunani ba. Washegari na je wata tasha da ake lodin kaya zuwa Chadi, na samu wani ɗan kasuwa mai suna Abakar, sabon zuwa Kano, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da Larabci muka yi ciniki, inda ya ƙi mu juya Faransanci. Na ce masa kayan kamfani ne da suka yi kwantai. Bai tambayi fiye da haka ba, ni ma ban tambaye shi komai game da kansa ba.

Buba kuwa, don ya biya kasonsa, sai ya sayar da saniyarsa. Ita kaɗai ta rage daga garken mahaifinsa, tana wurin wani ɗan uwansa a ƙauye, sunanta Wule. Da ya kawo kuɗin ya ce mini, "Ga Wule nan, bawana. Ka mayar mini da ita ruwa."

Ranar ɗaukar hoto muka ɗora injin a mota muka bi lambuna ɗaya bayan ɗaya. A kowane lambu sai a kafa farantan, a jefa tiyo a rijiya, ruwa ya taso, manomi ya tsaya a gefe, Oga ya ɗauka. Daga nan in ce wa manomin za a koma da shi ofis a yi masa rajista a buga masa lamba, sannan a dawo masa da shi. Mun raba lokutan yadda wani ba zai ga na wani ba. Lambun Buba ne na ƙarshe.

Da ruwan ya taso, Buba ya tsuguna ya tara hannu. Ya kalli farantan, ya kalli rana, ya ce, "Ba ta ko tari." Ya wanke fuska, ya bi ruwan da ido yana shiga cikin ƙasa. Matarsa ta aiko da fura da nono, muka koma inuwa ni da Oga muna sha. Daga inda nake zaune na hango shi a bayan farantan da ƙusa a hannu yana karce ƙarfen da ke riƙe da su. Na ce, "Ɗan daji, me kake ɓata wa gwamnati?"

Ya ce, "Shaida nake mata. Ta gidanmu ce, ita ce a kunnen duk saniyar da babana ya mallaka. Kada a kai ta ofis ta shiga cikin garken wasu a musanya mini."

Oga ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi. Layi biyu ne da wani ƙarami ya gitta su, a wurin da ba mai dubawa. Ban sake tuna shi ba. Bayan hotuna sun cika fayil, wannan injin na ƙarshe ma na kai wa Abakar.

Buba ya gaskata cewa ruwa yana tafe. Ya dasa albasa har bakin iyakar filin, wurin da bai taɓa iya shayarwa ba. Tsohon injinsa ya ba wani a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ya fara tambaya. Na ce rajista ba ta ƙare ba. Na ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na ce an canza shugaba. Sauran manoman suna zuwa su tambaya su tafi, sun saba da jiran gwamnati, kuma ba su saki tsofaffin injinansu ba. Buba shi kaɗai ne ya saki nasa. Shi da matarsa suka koma ɗiban ruwa da bokiti daga rijiya, tsoho da tsohuwa, a filin da ko samari sai sun sha wuya. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Amma da ya gan ni a masallaci sai ya ce, "Bawana, ina Wule? Ko ka yanka ta?"

Wata rana bayan la'asar ya same ni a zaure. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce bakin ganyen ya fara yin ja, kuma ƙannen mai filin sun zo sun zagaya da wani mutum mai igiyar awo. Ya ce ko ba lamba a ba shi injin, in an gama shayarwa ya mayar da kansa.

A nan na yi kuskuren da ya kama ni. Na so in rufe maganar gaba ɗaya, sai na sunkuyar da kai na ce, "Malam Buba, abin da nake ɓoye maka ke nan. An fasa siton da aka ajiye su, an sace."

Na san mutanen birni. Ka ce wa ɗan birni an sace, zai yi salati, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tafi gida ya yi haƙuri. Abin da nake jira ke nan. Buba ya gyara zama.

"Yaushe? Wa ya bi sawu?"

"Inji ne, Malam Buba, ba shi da sawu."

"Yana da shi. Ba da ƙafarsa ya fita ba. Wani ya ɗauke shi a ka, wani ya tura shi a kura, wani yana zaune ya gani." Ya dafa gwiwata. "Shi ya sa ka rame kai ma. Kada ka sa abin a ranka, bawana. An taɓa kore mana shanu ina saurayi, muka bi su kasuwa kasuwa har muka same su. Ni zan nemo ta, in wanke ka a wurin gwamnati."

Na ce masa ya bar wa hukuma. Ya ce hukuma ba ta san shaidar ba.

Daga ranar Buba ya raba yininsa biyu. Da safe bokiti, da rana cigiya. Ya bi masu sayar da kayan sola, ya bi masu walda, ya bi 'yan gwangwan, ya bi 'yan dako da masu kura. Duk wanda ya samu sai ya tsuguna ya zana masa shaidar a ƙasa da yatsa. Kullum da magariba sai ya zo ya ba ni rahoto, kamar ni ne mai kayan. Yau ya je Ƙofar Ruwa, gobe zai leƙa wajen Ƙofar Ɗan Agundi, an ce akwai wani mai haɗa farantai a can. Ina saurare ina gyaɗa kai. Na je wurin Abakar na ce ya gaggauta lodi. Ya ce motarsa ba ta cika ba, ba zai tashi da rabin kaya ba. Na je wurin Oga, ya ce in daina zuwa ofis.

Wata safiya muna idar da salla, kafin mutane su watse, Buba ya riƙo hannun rigata. Fuskarsa tana haske.

"An gan ta. Wani ɗan dako ya ce shi ya sauke ta a wani sito a bayan tashar masu zuwa Chadi, ƙarfen har ya karce masa kafaɗa, ya ga zanen. Amma mai kayan ba ya jin Hausa, sai Larabci da Faransanci. Tashi mu je."

Na ce ina da baƙi. Na ce ƙafata tana ciwo. Liman ya juyo ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai aikinka ne. In ba kai ba wa?" Mutane suka ce gaskiya ne. Wani har ya tsayar mana da adaidaita sahu.

Na ƙetare iyakoki da yawa a rayuwata, wasu da kayan da bai kamata a gani ba, amma ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. Buba yana gefena yana lissafin yadda za a yi. Idan an samu injin kafin azahar, zai shayar da gefen gabas tukuna, shi ya fi jin jiki. Ni kuma ina shirya ƙarya iri biyu, ɗaya da Hausa, ɗaya da Larabci. Na kwantar wa kaina da hankali da cewa duk maganar da za ta wuce tsakaninsu ta bakina za ta bi.

Abakar yana zaune a kan buhu a ƙofar siton. Da ya gan ni ya miƙe da fara'a ya rungume ni, ya ce da Larabci, "Marhaba da Alhaji. Ka samo mini wasu ne?"

Buba ya ce, "Ka san shi?"

Na ce, "A'a. Haka mutanen can suke gaisuwa."

Na juya na ce wa Abakar wannan tsoho mai saye ne, yana so ya duba kaya, amma ba shi da kuɗi, a bar shi ya leƙa mu tafi. Abakar ya ɗaga kafaɗa ya buɗe ƙofa. Buba ya ce in tambaye shi a ina ya samu kayan. Na tambayi Abakar yaushe motarsa za ta tashi, ya ce jibi in Allah ya yarda. Na ce wa Buba, "Ya ce a wurin wasu samari ya saya, bai san su ba, kuma an riga an tafi da yawancin kayan."

Buba bai tsaya ji ba, ya shige. Farantan suna jingine a bango, jeri guda, an ɗaure su da igiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa ƙarfen da tafin hannu, yadda ake shafa bayan dabba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ina fata an juya wancan ɗin ta bango, ko an tura shi can ƙarshe inda hannu ba ya kaiwa. Sai na ga hannunsa ya tsaya.

Ya tsuguna. Ya kai fuskarsa kusa da ƙarfen, ya fara magana a hankali, ba da Hausa ba. Fulatanci yake yi wa injin, irin muryar da makiyayi yake yi wa saniyar da ta ɓata ta dawo. Sunan Wule kaɗai na tsinta.

Sai na ji an amsa masa daga bayana.

Abakar ne. Ya wuce ni ya shiga siton yana magana da Fulatanci, Buba ya ɗago da mamaki ya mayar masa. Daga baya na ji cewa mahaifiyar Abakar Bafulatana ce, da harshen ya tashi. Duk cinikin da muka yi ban taɓa tambayarsa ko shi ɗan wane ne ba. Harsuna biyar ne a bakina, na zauna da Fulani a unguwa ɗaya tun ina yaro, ban taɓa ganin Fulatanci ya kai in koya ba, sai gaisuwa da zagin wasa.

Na tsaya ina kallon maganar tana wucewa a gabana ba tare da ni ba. Buba ya nuna shaidar, ya zana ta a ƙasa. Abakar ya tambayi wani abu, Buba ya ba da amsa mai tsawo, yana nuna tsayin albasa da hannu, yana kwaikwayon ɗaukar bokiti. Fara'ar Abakar ta ɗauke. Buba ya yi wata tambaya gajeriya. Abakar ya amsa, ya juyo ya dube ni. Buba ya sake tambaya, yana girgiza kai, har da ɗan murmushi, kamar mai cewa ba ka gane ba. Abakar ya sake faɗa, a hankali, ya nuna ni da hannu, ya nuna jerin farantan gaba ɗaya.

Ƙofa tana bayana a buɗe, amma ban fita ba. Buba ya miƙe yana dafa bango. Ya dube ni. Na jira ya ce ɓarawon Barno, ko da zagi ne na gaske. Abin da ya ce shi ne, "Alhaji, gaskiya ne?"

Ranar ce ta farko da ya kira ni Alhaji.

Abakar ya ji tsoron a ce ya sayi kayan sata, ya fita ya kira shugabannin tasha. Kafin ka ce me, 'yan dako da 'yan kamasho sun cika ƙofar, wani ya fizge mini hula, wani ya ɗauko katako. Buba ne ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Dattijo ne, kuma maƙwabcina ne. A kira hukuma."

Da 'yan sanda suka zo, abu ɗaya Buba ya roƙa. Ya ce a bar shi ya tafi da injinsa yau, ga shaidarsa a jiki, in an gama shayarwa ya kawo shi duk inda aka ce. Babbansu ya ce ba zai yiwu ba, kayan shaida ne, sai kotu ta gama. Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, albasar ba za ta kai ba." Aka ce masa doka ce. A mota ɗaya aka ɗora ni da injin. Ina hango shi tsaye a ƙofar siton har muka sha kwana.

Shari'a ta ja har damina ta sauka. Oga ya ce bai san ni ba sai a takarda, amma daga baya shi ma abin ya cim masa. Na amsa laifina, aka yanke mini ɗauri. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Ku dai sani tsoho mai ciwon gwiwa ba ya samun wurin miƙe ƙafa a can, kuma babu mai tambayarka ƙasashe nawa ka zaga. Uwargidana ce take zuwa dubana. Ta daina shiga bikin unguwa, jikokina kuma an canza musu makarantar allo saboda tsokanar yara. A zuwanta na farko na tambaye ta lambun. Ta ce albasar ta ƙone tun ina hannun 'yan sanda. A wani zuwan ta ce an yanka filin, har an fara sauke bulo. Ban sake tambaya ba. A can na koma ga Allah da gaske, ba irin komawar da nake yi a sahun gaba don a gan ni ba.

Da aka sake ni, kafin in huta na nemi Buba. Na same shi a bakin titi kusa da Ƙofar Mazugal, ya kasa albasa a kan buhu, albasar da ya saro daga hannun wasu. Kotu ta mayar masa da injin bayan filin ya tafi, yana jingine a zaurensa, babu ƙasar da zai shayar. Da ya hango ni ya miƙe tsaye ya ba ni bencinsa. Na ƙi zama, na tsuguna a gabansa cikin mutane na nemi gafara.

Ya ce, "Na yafe tun kana ciki, Alhaji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Tashi, ƙasa ba ta dace da kai ba."

Ya tambayi lafiyata, ya tambayi iyali, ya zuba mini albasa a leda ya ce a kai wa Hajiya. Da zan tafi na gwada, na ce, "Ɗan daji, ina shanun?"

Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. A gai da gida."

Ku matasa, yanzu ku ake kira ku shiga ofis a madadin iyayenku, ku kuke da waya, ku kuke jin Turanci. Tallafi irin wannan zai ci gaba da zuwa, kuma ta hannunku zai bi. Idan an ce muku kayan gwamnati ne ba na kowa ba, ƙarya ne, akwai mutumin da ya sayar da saniyarsa yana jira a bakin rijiya. Buhun farko da za ku ɗauka ku sa masa suna mai daɗi, ku ajiye shi, a nan ne kaɗai tsayawa take da sauƙi. Wanda ya kira ku gefe ya ba ku kujera, ku tashi ku bar masa. Kuma duk wanda ya wakilta ku don ba ya jin harshen da ake magana da shi, ku faɗa masa abin da aka ce, ko da ba zai yi muku daɗi ba.

Bayan abin da na yi, an sake kawo tallafin injinan, manoman da suka rage a bakin rafin suka ƙi ba da sunayensu, har yau da fetur suke fama. Inda lambun Buba yake gidaje ne. Muna nan a sahu ɗaya ni da shi, yana gaishe ni da ladabi kullum safiya, kuma bai sake ce mini bawansa ba.